Fassara OHIP-14 kaɗai ba ta isa ba

Malam, ka tambaya ko da ka fassara tambayoyi 14 na OHIP-14 (takardar da ke auna yadda matsalar baki da haƙora ke shafar rayuwar mutum) zuwa Hausa sai ka fara raba su a asibitin haƙori. A'a, da saura. Mutum biyu su fassara daban-daban, na uku wanda bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta.

Sannan ka karanta wa mutane da baki. A Tudun Wada na tambayi wata dattijuwa ko haƙoranta na sa ta jin kunya, ta yi murmushi, ta ɗauka yabonta nake. Dole muka koma "jin nauyin buɗe baki cikin jama'a".

Bayan mako 2 ka sake tambayar su, ka ga ko amsoshin ba su canza ba. Ma'aunin alfa na Kuronbak kuma, wato lissafin da ke nuna ko tambayoyin abu guda suke aunawa, ya kamata ya kai 0.7.