Ɓeran da ya rame ba warkewa ya yi ba

Kai yaro na ga saƙonka tun jiya. Wai tsofaffin ɓerayen nan masu teɓa na ɗakin gwaji sun fara ramewa, insulin ɗinsu ma, wato sinadarin da ke rage suga a jini, ya sauka, kana tambaya ko sauƙi suka samu. Wallahi da ba don tambayar ta fama min tsohon miki ba da ban tanka maka ba, wata shida kana wanke keji amma ba ka taɓa tsayawa ka kalli abin da ke cikin kejin ba, kullum kai na kan waya.

Waɗannan ba irin Wistar ɗin nan, fararen ɓerayen gwaji da kowa ke kiwo, ba ne. Zucker ne, mata da miji Lois da Theodore Zucker suka gano su a Amurka a 1961, ƙibar gado ce, sai ɓera ya gajo ta daga uwa da uba duka, shi ya sa kusan ɗaya cikin huɗu ne ke fitowa da teɓa. Sinadarin leptin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi yana nan a jininsu amma wurin karɓar saƙon ya lalace, sai su yi ta ci. Kafin sati biyar ka gane su da ido. Suna samari insulin ya yi sama sosai don jikin ba ya jin maganarsa, kitse ya cika jini, in ka juya jinin a inji ruwan saman fari-fari kamar an diga madara. Amma suga bai cika hawa can ba. 

To da girma ya zo labarin ke juyawa, kuma nan ne aka cuce ni. Wani dokta, ba zan kama suna ba, ya yi odar su daga waje da dala zai gwada wani ganye a kan tsofaffi, ya damƙa min amana. Fiye da shekara ina renon su. Zafin Afrilu wuta ta ɗauke, mai teɓa kuwa zafi ba wasa yake masa ba, da kuɗin aljihuna na dinga sayen man janareto, har kwana na yi a ɗakin ina fama da sauro, ya ce in rubuta zai biya. Da suka haura shekara sai nauyi ya fara sauka a sikeli, dokta ya hau murna wai ganyensa ya yi aiki. Na ce ranka ya daɗe dubi waɗanda ruwa kawai ake ba su a madadin ganyen, su ma ai sun rame. Na nuna masa garin katakon da ke ƙarƙashinsu sharkaf da fitsari, gashin ya tashi ya yi cuku-cuku, na tsoma tsinken gwaji a fitsarin furotin ya fito ɓaro-ɓaro. Ka san me ya ce? Wai to tunda duka sun rame ashe abincinsu nake sayarwa. A gaban ɗalibai fa, yaran da na haifi kamarsu. Ni da ko ƙwayar dusa ban taɓa fita da ita daga wurin nan ba.

Da suka fara mutuwa muka buɗe, ƙodar ta koɗe ta yi gurzun-gurzun a sama. Abin da ya fi kashe tsohon Zucker ke nan, ƙoda, kuma suna riga ƴan uwansu marasa ƙiba tafiya. Dokta ya gani da idonsa ya juya ya fita. Haƙuri bai ba ni ba, kuɗin mai har yau shiru, takardar da na rubuta tana nan a durowa, Allah ya isa.

Saukar insulin ma kar ta ruɗe ka, a wannan iri yana yin ƙasa da shekaru, jikin kuma yana nan da taurin kansa na ƙin jin maganar insulin. Sannan ka duba takardarsu da kyau, akwai reshen da ake kira ZDF, su mazansu tun suna ƴan watanni biyu zuwa uku ciwon suga ke kama su sosai, insulin ya faɗi, su yi ta shan ruwa suna fitsari. Wannan ramar daban, waccan daban, amma ku yaran yanzu ɓera ɓera ne a wajenku, so kuke a wata uku a kira ku oga.

Gobe kafin takwas ina son ranar haihuwar kowane keji a rubuce da biro, ba a waya ba, ka haɗa kowane mai teɓa da siriri sa'ansa, ka auna ruwan da suka sha. Kuma kar ka kuskura ka canza garin katakon kafin in zo in gani.