Ba duk rufe fuska ne ɓuya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsoro ne ke sa jaruman finafinan Amurka rufe fuska, tunda a cewarka mai gaskiya ba ya ɓuya. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na kalli Black Panther.

Da shi aka buɗe silima a Riyad a Afrilun 2018, bayan wajen shekara 35 ba gidan kallo a ƙasar nan. Ni dai daga baya na kalle shi a gida, nan Jidda, tare da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tsoho ba mai yawan magana ba ne, amma da T'Challa, jarumin fim ɗin, ya rufe fuska sai na ji ya ce, "Ai wannan amawali ne." Na yi dariya, amma fa ya fi ni gaskiya. Kaf Wakanda, ƙasarsa a fim ɗin, an san wanda ke cikin rigar, gadonta ya yi wurin ubansa, to me zai ɓoye? Haka sarki ke rufe baki ranar hawan sallah. Kowa ya san shi, sai dai a ranar sarauta ce bisa doki, ba ɗan wane ba.

Spider-Man kam tsoro ne, amma ba don kansa ba. Talaka ne, yana gudun a taɓa matar baffansa da ta riƙe shi. Batman kuwa dodo yake yi wa ɓarayi.

Wanda ya fi taɓa ni Superman ne. Tun fitowarsa a 1938, fuska buɗe yake ceton mutane, sai zai tafi aikin jarida yake ɗora tabarau, ya sunkuyar da kai, ya saje da jama'a. Baƙo ne fa, daga wata duniya aka kawo shi yana jariri. Mu da aka haifa a nan mun san wannan tabarau ɗin. A shagon turaren da nake aiki a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, farar jallabiya ce da Larabci daga safe har dare. Shekara uku abokin aikina bai san ina jin Hausa ba, sai ran da ya tsinke ni a waya ina tambayar Hajiya ko an dama kunun tsamiya na buɗa baki. Ya saki baki yana kallona, kwalba a hannu. Tun daga ranar, da alhazan Najeriya sun leƙo shagon sai ya ƙwala mini kira.