Maigida Ya Ce Na Tona Asirin Ɗiyarmu a WhatsApp

Gwaggo, sallama irin ta addinin Musulunci. Ƙarfe biyu na dare nake rubuto miki, don barci ya daɗe da ƙaurace wa idona. Ɗiyata ta fari shekararta 15, shekara biyu ke nan da aka gano tana da ciwon suga, irin na allura. Tun ranar ni ce likita, ni ce mai gadi. Ni ke tashi tsakar dare in soki yatsarta in auna. Ni ke yawon farmasi. In wuta ta ɗauke da zafin nan na bazara, ni ke naɗe kwalbar insulin, wato maganin allurarta, a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye gindin randa. Babanta yana ba da kuɗi, ban ce ba ya bayarwa ba, Allah na gani. Amma kuɗin ne kawai.

Wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita ta sa ni cikin zauren WhatsApp na iyayen yara masu wannan ciwo. Akwai 'yan Yamai, akwai na Damagaram, har da na Katsina. Gwaggo, nan ne kaɗai nake cewa na gaji a ce mini “mu ma haka”. Ranar nan maigidana ya ɗauki wayata, ya ji muryata ina kuka ina ba da labari. Ya ce na tona asirin gidansa, na kai ɗiyarsa kasuwa, wa zai aure ta in magana ta zaga Maraɗi? Ko sunanta fa ban faɗa ba! Ya ce in fita, kuma ya daina sa mini kuɗin intanet. Uwarsa ta goya masa baya, wai mace ta gari cikinta ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ita ma yarinyar ta zama wata iri. In na ce kawo yatsa sai tsaki, wai na dame ta. A makarantarsu ma ba wanda ya sani, babanta ya hana a faɗa, ranar da suke wasan guje-guje takan dawo tana karkarwa da gumi, amma ba wannan ce damuwata ba. Damuwata zauren nan. Ni da ke kwana a tsaye, ɗan wurin da nake sauke numfashi shi ne ya tsone masa ido? Ko sunanta ban faɗa ba, Gwaggo. In fita ko in ci gaba a ɓoye?

Uwar 'ya'ya biyar, unguwar Zariya, Maraɗi

Ɗiyata, wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yarinya lafiya.

Ban ji ta bakin maigidanki ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Tsoronsa ma na gane shi, mun san bakin mutanen garinmu. Amma abin da kika ce ba shi ne damuwarki ba, shi ya sa na ajiye wayar na yi tagumi.

Karkarwa da gumin nan alamar sukarin jininta ya faɗi ne. Mai allurar insulin in ya yi guje-guje bai ƙara abinci ba, sukari na iya sauka ƙasa da 70 a na'ura (wasu na'urorin 0.70 suke nunawa), in ya ci gaba da sauka sai ruɗewa, sai suma, har da fizge-fizge. To ki zana mini hoton: budurwa ta faɗi a filin makaranta tana fizga, ba wanda ya san ciwonta. Me za a ce? Iska. Za a danne ta ana tofi, alhali ƙwayar sukari uku a cikin ruwa tun tana iya haɗiya da sun tashe ta cikin kamar minti 15. Sirrin da ake tattali don aurenta, shi ne zai iya hana ta kai wa auren. A nan maigidanki bai yi daidai ba, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wasiƙu irin wannan sun yi mini yawa. Wannan ciwo ba abin kunya ba ne. Ba shan zaƙi ya jawo wa yaron ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka a kwanon abinci. Jiki ne ya daina yin insulin. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar a Toronto ta ƙasar Kanada, yara masu shi ba sa daɗewa. Yau suna karatu, suna aure, suna haihuwa. Ku da kuke ɓoye wa malamai, kuna ɓoye wa surukai har a ɗaura aure, ranar da miji ya tsinci sirinji a ƙarƙashin katifa me za ku ce masa?

Batun zaure, ban ce ki ci gaba a ɓoye ba, ƙarya ba ta gyara gida. Ki zauna da shi bayan isha, ki miƙa masa wayar ya saurari sauran iyaye da kunnensa. Ki yi masa alkawarin ba suna, ba hoto. Ke ma ki kula: duk wadda ta turo cewa jiƙon zogale ko garafuni ya raba ɗanta da allura, kada ki gwada. Mai irin ciwon ɗiyarki in ya bar insulin, kwanaki kaɗan ne sai amai da numfashi sama-sama. Ƙari ko ragin allura na likita ne kaɗai.

Tsakin yarinya kuwa, shekarunta ne da gajiya. Lokacin balaga jiki kan yi wa insulin taurin kai, awo ya hau ko ba ta saci komai ba, don haka ki rage tuhuma. Ki bar ta ta riƙa soka yatsarta da kanta, ki tsaya gefe.

Ranar komawarku likita ta gaba, ki roƙi babanta ya raka ku, ki faɗi maganar karkarwar a gabansa, likita ya yi masa bayani. Sannan a sanar da darakta da malamin wasanni: in ta fara gumi a ba ta sukari, in ta suma kada a ɗura mata komai, a kwantar da ita ta gefe a garzaya asibiti. Kafin nan, tun gobe da safe, ƙulla mata ƙwayar sukari shida a leda ki sa a jakarta.

Gwaggo