Filin Tambaya da Amsa: Dashe Kaɗai Ba Ya Dawo da Daji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin wata ƙungiyar matasa da ke dasa itatuwa kowace damina. Kwanan baya wani masanin tsirrai ya ce mana aikinmu ba zai ceci tsirran da ke ɓacewa ba, domin yawancin abin da muke dasawa turare ne da darbejiya. Maganar ta sanyaya mana gwiwa. Shin bishiya ba bishiya ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan himma. Maganar masanin tana da ɗaci, amma tana kan hanya. Turare asalinsa daga Ostareliya yake, darbejiya kuma daga yankin Indiya aka kawo ta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Suna ba da inuwa, suna tare iska, wannan kuwa amfani ne da ba mai musunsa. Sai dai idan manufarku ita ce ceton tsirran asali, wato waɗanda suka samu kansu a wuri tun fil azal tare da ƙwari da tsuntsaye da dabbobin da suka dogara da su, to fili cike da iri ɗaya na baƙuwar bishiya bai kusantar da ku ga wannan manufa ba.

A 2021 ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa cikin nau'o'in itatuwa kusan 60,000 da aka sani, kashi 30 cikin ɗari, wato kimanin 17,500, suna cikin haɗarin ƙarewa. Babban dalili shi ne share daji domin noma, sai saran katako, sai kiwo. Dukkan waɗannan dalilai suna komawa ga abu guda, wato rasa muhallin da tsiron ke rayuwa a ciki, shi ya sa masu wannan aiki suke fara tambayar abin da ya rage a wuri kafin su tambayi abin da za a dasa.

Akwai ma lokacin da baƙon tsiro yake zama annoba. An kai wata bishiya mai ƙaya daga nahiyar Amurka, mai suna Prosopis, zuwa busassun yankunan Kenya da Habasha da niyyar hana kwararowar hamada, amma ta mamaye makiyaya da bakin koguna har ta danne ciyayin asali. Afirka ta Kudu kuwa tun 1995 take gudanar da wani babban shiri na tumɓuke baƙin itatuwa, domin suna shanye ruwan da ya kamata ya gangara koguna.

Shawarata ita ce, kafin ku sayi dashe ko guda ɗaya a bana, ku zaga filin da kuke aiki a kai ku duba ƙasa da kyau. Sau da yawa abin da ido ke ɗauka ɗan tsiro ne maras amfani, toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare shekaru da suka wuce, saiwarta tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne abin da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, ya lura da shi a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar a 1983, bayan ya ga yawancin dashen da ake yi yana mutuwa. Hanyar da ya yaɗa tare da manoma, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta da wuya: a kowane kututture a zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, a yanke sauran, a sassabe ƙananan rassan gefe da wuƙa mai kaifi ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan a kare su daga awaki da gobara. Tun da saiwar ta riga ta kai ga laima, tohon yana girma da saurin da sabon dashe ba zai iya ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka yana zuba musu taki domin su riƙe ruwan sama.

Inda babu kututture ko ɗaya, a nan ne dashe ya zama dole, kuma a nan ma a gauraya nau'o'in asali iri-iri. Kada a manta da ciyayi da ƙananan tsirrai, domin su ne ke riƙe ƙasa kafin itatuwa su tasa. Ma'aunin nasararku kuma shi ne adadin abin da ya rayu bayan rani uku, da ko tsirran sun fara zubar da iri yana fitowa da kansa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce. Na karanta cewa akwai rumbunan da ake adana irin tsirran duniya. Idan haka ne, me ya sa ake damuwa? Ai duk wanda ya ɓace sai a ɗauko irinsa a sake shukawa.

AMSA: Malama, rumbunan suna nan, kuma aikinsu babba ne. Mafi girma a fannin tsirran daji shi ne wanda lambun Kew ya buɗe a Wakehurst da ke Ingila a shekarar 2000, inda ake busar da iri a ajiye shi cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, da aka buɗe a 2008, ya fi mayar da hankali ga irin amfanin gona.

Amma akwai cikas guda biyu. Na farko, ba kowane iri ne ke jure busarwa ba. Ƙwallon kaɗanya, misali, yana mutuwa cikin 'yan makonni idan ya bushe, haka ma irin mangwaro da na koko, saboda haka irin waɗannan sai dai a kiyaye su suna tsaye da rai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, iri ba ya tafiya da muhallinsa cikin kwalba. Wani tsiron yana buƙatar wani ƙwaro na musamman da zai kai masa garin fure, wani kuma sai irinsa ya bi ta cikin dabba kafin ya tsira. Idan waɗannan abokan zama sun ɓace, ko an mayar da wurin gona, babu inda za a mayar da shi.

Labarin wata bishiya da ake kira zaitun na St Helena, wani tsibiri a kudancin tekun Atlantika, ya isa darasi a nan. Bishiyar ƙarshe da ke daji ta mutu a 1994, kuma ko da yake an yi ƙoƙarin raya 'ya'yanta a lambu, nau'in ba ya iya haihuwa da garin furen kansa sai da ƙyar, ga kuma cutar funfuna. Na ƙarshe ya mutu a 2003. An fara ceton ne lokacin da ya rage guda ɗaya, alhali nau'i yana buƙatar yawa da bambancin jini kafin ya ɗore.

Idan kina so ɗalibanki su gwada tattara iri, ga ƙa'idar masu wannan sana'a: a ɗebo daga iyaye masu yawa, kamar hamsin idan akwai, waɗanda ba su kusa da juna, kuma kada a ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nunannen irin da aka tarar a ranar, domin a bar wa daji nasa rabon. A rubuta wuri da kwanan wata. Iri mai taurin ɓawo, kamar na gawo da bagaruwa da kuka, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefensa kafin ya tsira da wuri.

TAMBAYA: Malam, shin akwai dokar da ke kare bishiyar da ake sarewa ana fitar da ita waje?

AMSA: Akwai yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe. Madobiya, wadda aka yi wa mummunan sara a Afirka ta Yamma domin kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin, ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar daga farkon 2017, ma'ana ba a fitar da ita sai da takardar izini da ke tabbatar da cewa saran ba zai cutar da nau'in ba. Yarjejeniyar ta tsaya ne ga abin da ke ƙetare iyaka. Saran da ake yi domin gawayi ko itacen girki a cikin gida yana ƙarƙashin dokokin gandun daji na kowace ƙasa, kuma a nan ne ya kamata ka nemi bayani daga hukumar gandun dajin yankinku.