Fatawa: Hukuncin Harhaɗa Ƙananan Samfuran Jiragen Ruwa na Yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da sha'awar harhaɗa ƙananan samfuran jiragen ruwa na yaƙi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwali gutsi-gutsi na roba, a manna su da gam, a yi musu fenti har su fito tamkar na gaske. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan ma sassaƙa ce, kuma masu yin ta suna cikin waɗanda za a ce su hura rai ranar ƙiyama. Mene ne gaskiyar magana? Sannan yaya zan yi da 'yan mutum-mutumin sojojin ruwa da tutocin da ke zuwa cikin kwalin, da gam da fentin da ke maƙale mini a yatsu idan lokacin salla ya yi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Jirgin kansa halal ne. Ɗan'uwan naka ya ji hadisi ingantacce, sai dai ya ɗora shi inda ba mazauninsa ba. Narkon azaba a kan masu sura ya zo ne game da abin da ke da rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da zana surori yake ci, sai ya karanta masa hadisin hura rai, sannan ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Malaman mazhabobi huɗu a kan haka suke. Shehu Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar Khalil, cikin babin walima, jirgin ruwa ma ya ambata tare da itaciya a matsayin misalin abin da ya halatta a suranta. An ruwaito cewa Mujahid ya ƙi a suranta itaciya mai 'ya'ya, amma ba a bi shi a kai ba, kuma ko a maganarsa jirgi bai shiga ba, tunda ƙirar hannun ɗan Adam ne tun asali. Gangar jirgin, igwoyinsa, bututun hayaƙi, anka, ƙananan jiragen saman da ke kan dandamalinsa, duk hukuncinsu ɗaya.

Kasancewarsa na yaƙi ko na wata ƙasa da ba ta Musulmi ba bai canza komai ba, matuƙar ba ɗaukaka zalunci ake nufi ba. Sanin jiragen yaƙi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ummu Haram busharar mayaƙan teku daga al'ummarsa, kuma ta fita tare da rundunar da ta nufi tsibirin Ƙubrus a zamanin Sayyidina Usman.

Inda ake buƙatar tsayawa shi ne 'yan mutanen da ke cikin kwalin, kuma a nan girman ma'auni yana da tasiri. Idan an rubuta 1/350, ana nufin an raba tsawon jirgin na gaske gida 350. Jirgin Japan mai suna Yamato, mai tsawon mita 263, zai fito kusan santimita 75 a wannan ma'auni, kusan 38 a ma'aunin 1/700. Yanzu a auna mutum mai tsawon mita 1.75: a 1/700 milimita biyu da rabi ne, a 1/350 milimita 5, a 1/72 kusan milimita 24, a 1/35 kuma santimita 5 cur. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ma'aunan da aka fi yin ƙananan jirage masu gudu da su, irin masu harba tofido, wato makamin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa ya fasa jirgi, kuma sojojinsu suna zuwa da ido da hanci da yatsu da maɓallan riga.

A mazhabar Malikiyya sura tana haramta idan ta haɗa abu uku: ta abu mai rai ce, tana da jikin da ke yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Sojan 1/35 da na 1/72 sun cika duka ukun. Kada ka ce ai kamfani ne ya ƙera. A irin wannan kwali sau da yawa kai daban yake zuwa, hannuwa daban, gangar jiki daban, duk a maƙale jikin firam ɗin roba. Wanda ya ɗora kan a wuya, ya ɗiga gam, ya zauna da siririn buroshi yana fitar da ido da gira, shi ne ya kammala surar. Wannan bai halatta ba. Rangwamen da aka samu daga 'yan tsanan Nana A'isha na yara ne, ba ya ɗaukar baligin da zai jera su cikin gilashi don ado.

Mafita tana cikin hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Mala'ika Jibrilu ya ce a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar siffar itaciya. Yankewar ta gaske ake nufi. Jan layi da reza a wuya alhali kan yana zaune bai wadatar ba, malaman Hanafiyya sun faɗi haka ƙarara. Sai dai soja marar kai a kan jirgi ba abin kallo ba ne, don haka mafi sauƙi kada ka cire su daga firam ɗin tun farko. Jirgin bai rasa komai ba. Da yawan samfuran da ake ajiyewa a gidajen tarihi babu mutum ko ɗaya a kansu. Akwai kuma sojan da ke zuwa rabi, daga ƙirji zuwa sama, don a leƙo da shi ta wata ƙofa. Malikiyya da Ibn Ƙudama na Hanbaliyya suna ganin idan an rasa abin da rai ba ya zama sai da shi, ya fita daga hani. Wasu malamai kuma sun ce muddin kai da fuska suna nan, sura tana nan. Barin sa ya fi kuɓuta.

Na 1/700 da 1/350 su ne masu sauƙi. Yawancinsu a siririn faifan tagulla ake fitar da su, kan nasu ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba, babu ido babu baki. Hanafiyya sun sassauta a kan surar da mai tsaye ba ya iya rarrabe gaɓoɓinta idan tana ƙasa, ko da yake a babin salla suka kawo maganar. Wanda ya sa su ba zan ce ya yi haram ba, amma ba na ba da shawarar a sayi fakitinsu na daban, musamman na zamani da ake bugawa da na'ura, waɗanda ake fitar musu da fuska ko a wannan ƙanƙanta. Sayen kwalin jirgin da sojoji suka biyo a ciki ba laifi, domin jirgin aka nufa, kuma ana yafe wa mabiyi abin da ba a yafe wa wanda aka nufa da kansa.

Tsofaffin jiragen yaƙi masu filafilai suna da tasu matsalar: sassaƙar goshi. Victory na Ingila, wanda ya yi yaƙin Tarafalga a 1805, yana ɗauke da surar jarirai biyu riƙe da tambarin sarauta. Vasa na Suwidin, da ya nutse a 1628, zaki ne a goshinsa, jikinsa kuma cike da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe. Idan sassaƙar yanki ce daban, a bar ta. Idan a jikin gangar aka zubo ta, a kankare fuskar da tsinin reza, a cike ramin da foti, wato kwaɓin da ake cike ramuka da shi, a bar shi ya kwana domin yana motsewa idan ya bushe, sannan a goge da samfefa lamba 400, sai 600, sai 1000, ana jiƙa ta da ruwa. Wanda ya yi gaggawar fenti kafin fotin ya gama bushewa zai tarar wurin ya lotsa bayan kwana biyu. Irin su Vasa kuwa, aikin ya fi ƙarfin gyara, a zaɓi wani jirgin.

Tutoci da tambura. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ba kowane layi biyu da suka gitta juna ba ne gicciye. Sandar tuta da ta gitta turkenta ko shingen gefen jirgi ba sa cikin wannan. Amma tutar sojojin ruwan Birtaniya tana ɗauke da gicciyen Waliyyi Joj, asalinsa na addini ne, don haka a bar ta a takardarta. Alamar 'yan Nazi da ke kan dandamalin jirgin Jamus mai suna Bismarck gaba da baya ita ma a bar ta, tambarin aƙidar fifita jinsi ce da kisan bayin Allah. Barin ta bai ɓata tarihi ba, domin an rufe ta da fenti a fitar jirgin ta ƙarshe kafin a nutsar da shi ranar 27 ga Mayu, 1941, kuma kamfanoni da dama ba sa ma saka ta cikin kwali saboda dokar Jamus. Lambar jirgi, sunansa, layukan auna zurfi, duk ba komai. Idan tutar mai kalmar shahada ce, kamar ta Saudiyya, abin kiyayewa shi ne ragowar: kada a zuba ta cikin shara tare da gutsattsarin roba.

Batun alwala ya fi duk waɗannan yawan aukuwa. Muslim ya ruwaito cewa wani ya bar gurbin da bai fi farce ba a ƙafarsa, Annabi ya ce ya koma ya kyautata alwalarsa. Abin dubawa shi ne ko abin yana da jiki. Launin da ya rina fata kawai, kamar lalle, ba shamaki ba ne. Abin da farce zai iya ɓamɓarowa shamaki ne, kuma wurin ya zama lam'a.

Ruwan gam na roba, mai narkar da gefen yankuna biyu su haɗe, yana tashi da sauri, bai cika barin komai a fata ba sai idan ya kwaso narkakkiyar roba. Fentin akirilik mai ruwa yana fita da sabulu da ruwan ɗumi. Fentin mai yana buƙatar ɗan tina a tsumma, sannan sabulu. Mai taurin kai shi ne sufa gulu, wanda ba makawa sai da shi wajen manna siraran shingayen tagulla da ake sa wa gefen jirgin, tunda gam na roba ba ya kama ƙarfe. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama yatsa kafin ya kama tagullar. Kada a matso shi daga kwalba kai tsaye. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan wata 'yar leda, a riƙa ɗebowa da tsinin allura, a riƙe shingen da hantsaki, a yanka shi gajeru-gajeru, kamar santimita 4 zuwa 5, domin dogo yana lanƙwashewa ya sa a kai hannu. Idan ya taɓa fata, a jiƙa yatsan cikin ruwan ɗumi mai sabulu na 'yan mintuna, a shafa asiton, wato ruwan goge jan farce, a murza a hankali. A nisanta asiton daga jirgin domin yana cin robar, kuma kada a goge ɗanyen gam ɗin da auduga, yana ɗaukar zafi har ya ƙona. Abin da ya ƙi fita bayan an yi iya ƙoƙari, kuma ɓamɓare shi zai tafi da fata, a wanke ta kansa, alwala ta yi. Wanda ya gan shi bayan ya idar da salla, kuma ya tabbata yana nan tun kafin alwala, sai ya cire, ya wanke gurbin da niyya, ya sake sallar. Safar hannu ta roba da ajiye gam minti 15 kafin kiran salla sun ɗauke maka duk wannan.

Sinadarin isofurofil da ke cikin ruwan tsinka wasu fentin akirilik ba giya ba ne, guba ne da ba a sha, don haka ba najasa ba ne a tufafi ko jiki. Buroshin gashin alade tsarkakakke ne a Malikiyya idan aske gashin aka yi, kamar yadda Khalil ya faɗa, najasa ne a Shafi'iyya. Na nailan ya raba gardama. Feshin fenti a rufaffen ɗaki da shaƙar ƙurar rezin, wata irin roba da ake zuba wasu yankuna da ita, cuta ce ga kai da iyali, kuma shari'a ta hana cuta da cutarwa: a buɗe taga, a sa takunkumi mai tace tururi, a kawar da reza da ƙananan yankuna daga hannun yara.

Kuɗin da ake kashewa kuwa, gwargwadon hali ne. Ya zama haram idan ya ci haƙƙin ciyar da iyali ko biyan bashin da lokacinsa ya yi, kuma tara kwalaye da yawa waɗanda ba a buɗe ba yana kusa da almubazzaranci. Sayar da jirgin da ka gama halal ne idan babu surar mai rai a kansa. Babu zakka a kan waɗanda ka ajiye don kanka komai tsadarsu. Waɗanda ka saya da niyyar sayarwa don riba kuwa kayan kasuwanci ne, zakkarsu tana bin hukuncin kayan kasuwanci idan sun kai nisabi.

Wallahu a'alam.