Alkawarin Irmiya 29:11 namu ne, ko na mutanen da aka kai Babila?

Tambaya: A zumuntar mata a Sabon Tasha, Kaduna, muna yawan karanta Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin alherin da yake da shi dominmu. Ɗana mai karatun tauhidi ya ce ba mu aka rubuta wa ba. Kuskure muke yi?

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Ɗanki bai yi ƙarya ba. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe tare da sarki Yekoniya a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabi, Hananiya, ya yi ta shela cewa cikin shekara 2 za a komo. Irmiya ya ce sai an cika shekara 70. Ki duba aya ta 10, tana nan. Ke nan dattawan da suka fara jin wasiƙar, yawancinsu a Babila aka binne su.

Amma wannan bai hana ki riƙe ayar ba. Manzanni da kansu sun ɗauki Nassi sun kai shi inda marubucin farko bai ambata ba. Dokar Musa ta ce kada a ɗaure bakin bijimi yana sussuka, Bulus kuwa ya kafa hujja da ita a 1 Korintiyawa 9 cewa mai aikin bishara ya cancanci abincinsa. A Romawa 15:4 ya ce abin da aka rubuta tun dā, don koyarwarmu aka rubuta. Hanyar da ake bi ita ce a fara tambayar me maganar ta faɗa wa masu jinta na farko, sannan me ta nuna game da halin Allah, wanda ba ya sakewa. Allahn da bai yashe bayi a Babila ba, ba zai yashe gwauruwa a Kakuri ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke ayar a manna a gilashin Keke Napep, ko a yi wa mai neman aiki wa'azi da ita kamar takardar ɗauka za ta fito kafin ƙarshen wata. In wata ya ƙare shiru, sai bangaskiyarsa ta raunana, alhali Allah bai faɗi haka ba. Wannan ai wa'azin Hananiya ne.

Ranar zumunta mai zuwa, ku fara daga aya ta 4. Za ku ga an ce su gina gidaje, su yi lambu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Tun rikicin shekara ta 2000 kogi ya raba mazaunan Kaduna kusan gida biyu. Idan kuka karɓi aya ta 11, aya ta 7 ta ɗora muku addu'a domin Rigasa da Tudun Wada, unguwannin Musulmi na hayin kogi, kamar yadda kuke yi wa Narayi da ke ɓangarenku.