Tambaya da Amsa: Akuyata ta yi kuka, amma ta ƙi faɗin sunanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon yaren Java na rubuta manhajar kwamfuta, na rubuta aji (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa daga gare shi) mai suna Dabba, sannan na rubuta ajin Akuya ya gaje shi. A cikin kowannensu na sa aikin kuka() da aikin suna(), amma shi suna() na sa masa static. Da na rubuta Dabba d = new Akuya(), sai d.kuka() ya fito da kukan akuya, amma d.suna() ya ce "Dabba". Shin kwamfutata ce ke da matsala? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ɗalibi. Lamarin yana ga lokacin da ake yanke hukuncin wane aiki za a kira.

Idan ajin da ya yi gado ya sake rubuta aikin da ya gada, da suna ɗaya da irin bayanan da yake karɓa, to ya maye gurbinsa, kuma Java ba ta zaɓar wanda za ta kira sai manhajar ta fara aiki. A lokacin ne take leƙa ainihin abin da ke cikin mazubin d (mazubi shi ne variable, sunan da ake ajiye abu a ƙarƙashinsa), ta tarar akuya ce, ko da an rubuta Dabba a jikin mazubin. Wannan dabara ta girmi Java nesa ba kusa ba, domin tun a yaren Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norway, ake amfani da ita, alhali Java sai a 1995 ta fito.

Shi kuwa aikin static mallakar aji ne, ba na abin da aka ƙera daga ajin ba, saboda haka kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa yaren da na'ura ke ganewa, ita ce ke yanke hukuncinsa tun kafin manhajar ta motsa, kuma ita abin da aka rubuta a jikin mazubi kawai take dubawa. Da ta ga Dabba, ta gama magana. Aikin suna() na Akuya bai maye gurbin komai ba, ɓoye na Dabba kawai ya yi. Haka ma ayyukan private (na cikin ajin kaɗai) da final (waɗanda aka hana a sake rubuta su), ba a maye gurbinsu. In wata rana ka koma yaren C++, ka sani can al'ada ta sha bamban: sai ka rubuta virtual tukuna kafin ka samu halin da kuka() ya nuna maka.

Shawarata, cire static daga suna() a ajujuwan biyu, sannan ka saba da ɗora @Override, wanda ya shigo da Java 5 a 2004, a kan duk aikin da kake nufin ya maye gurbin wani. Da ka sa shi tun farko, da kwamfaila ta ƙi karɓar aikin ta nuna maka layin da kuskuren yake.